Rabi Mai Rabin Hannu

Lanham, Maryland
12 ga Satumba, 2005

Yaya Chundung,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Baba Jerome da yara da dukan mutanen Bukuru. Yaya ƙafar nan taki, ta daina kumburi? Ni lafiyata lau. Kin ce kin gaji da wayar da nake bugowa in ce "lafiya, lafiya" sai kati ya ƙare. To ga takarda. Zan ba Mama Constance ta cocinmu, za ta zo gida ganin jikoki.

Aiki yana nan yadda kika sani. Da rana ina gidan kula da tsofaffi, in yi musu wanka, in ba su abinci. Da yamma in tafi ajin share fagen karatun nas, wanda kowa ya ce shi ne hanya a ƙasar nan. Takardata ta likitan dabbobi tana ƙasan akwati. Amma ba wannan ya zaunar da ni rubutu ba.

Ranar hutun ma'aikata na ƙasar nan, farkon wannan wata, cocinmu ya ɗauki babbar mota muka tafi bakin teku. Mata suna raba dafa-duka, ni da Katung, mutumin Kagoro da muke haya tare, muka taka can gefe inda babu jama'a. Sai muka hango abu a yashi kamar an kifa babban daron wanki. Kunkurun teku ne. Ba irin wanda muke tsinta a gona ba, ba kuma kififiyar dam ba. Wannan ba shi da ƙafafun tafiya, hannuwa gare shi masu faɗi kamar filafilin kwalekwale. Ƙoƙon bayansa ya tsage, daga baya aka ce farfelar jirgin ruwa ce ta sare shi. Idanunsa sun faɗa.

Katung ya ce, "Dachung, Allah ya kawo mana farfesu."

Na ce, "Farfesun da za ka ƙarasa sha a gaban alƙali."

Muna cikin dariya sai dabbar ta ɗaga kai ta ja numfashi. Yaya, na san wannan ƙarar. Haka maraƙi yake yi idan ciwon huhu ya kama shi. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Mutanenmu suka taru suna so su tura shi ruwa, na hana, domin mai irin wannan numfashi ruwa zai shaƙe shi. Katung ya buga lambar masu ceton dabbobin ruwa da ke jikin wani allo. Matar fasto ta ba da zanen da ta shimfiɗa, muka jiƙa muka rufa masa, na riƙe lema a kansa. Shinkafata ta huce ban ci ba.

Masu ceton suka iso da wata Ba'amurkiya, Likita Olive. Ta ga ina duba agogo ina bin numfashinsa, ta ce, "Kai ma'aikacin lafiya ne?"

Na ce, "A ƙasarmu ni likitan shanu ne."

Ta ce, "Nawa shanun ba su da ƙaho, amma ina neman mai taya ni ranar Asabar."

Asibitin nasu yana wajen Baltimore, ba nisa sosai. Na je. Ban san komai game da kunkuru ba, kwatamin ruwan da ake ajiye su nake wankewa ina yanka kifi ina kallon yadda suke yi. Suka ce wanda ya tsinta shi ke raɗa suna. Hannunsa na hagu rabi ne, sauran ya gutsure tun da daɗewa wurin ya warke, sai na ce Rabi. Na fassara musu, suka yi ta dariya, daga ranar kowa "ita" yake ce mata. Ba ta cin komai, ta roba ake ɗura mata abinci. Likita ta ce kada in sa rai da yawa.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Dachung

Lanham
7 ga Nuwamba, 2005

Yaya Chundung,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kowa lafiya. Sanyi ya fara shiga nan, ya fi na Jos cizo, amma lafiyata lau. A gurguje nake rubutu, zan jefa a gidan waya kan hanyar aiki, don na kasa riƙe labarin.

Rabi ta ci abinci. Shekaranjiya ina zaune kusa da ita a asibiti na miƙa mata kifi, ta kawar da kai yadda ta saba. Na yi ta yi mata magana da Hausa, ina cewa haba Rabi, ko don wahalar da nake sha a hanya. Sai ta juyo ta karɓa. Ta ci har uku. Likita ta rungume ni.

Huhun bai gama warkewa ba, ciwon bayan kuma zuma ake sa masa, kin ji Turawa ma sun san zuma. Duk Asabar ina wurinta. Tun da na zo ƙasar nan ban yi farin ciki irin wannan ba. Yadda muka haɗu kuwa kin riga kin karanta a takardar hannun Mama Constance.

Ki sa ta a addu'a.

Dachung

Bukuru
10 ga Disamba, 2005

Ƙanena Dachung,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Muna lafiya. Ƙafata ta yi sauƙi, an haƙe dankali, ya yi kyau bana. Takardarka ta gidan waya ta iso. Ta hannun Mama Constance kuwa ban ganta ba, an ce daga Abuja ta wuce Kafanchan wurin 'yarta da ta haihu, har yau ba ta hawo ba.

Dachung, wace ce Rabi? 'Yar wane gari ce, su wane ne iyayenta? Hatsari ta yi da har ya taɓa mata baya da huhu? Ba ta da dangi a can ne da sai kai kake ba ta abinci?

Ba zan ɓoye maka ba, ranar da na karanta ban iya cin tuwo ba. Sunan ya gaya mini addininta. Ka san abin da ya faru a garin nan shekarun baya, ka san yadda unguwanni suka rabu, ka kuma san bakin mutanenmu. Na yi azumi, na yi addu'a. Na kai maganar wurin Baba Jerome, ya ce shi ba ruwansa, ni na goye ka bayan rasuwar Mama, ni zan yanke.

Sai na tuna Inna Laraba, maƙwabciyarmu ta tsohon gida. Kai ba za ka tuna sosai ba. Lokacin da kake kukan yaye, ita ke karɓarka in na tafi makaranta, ta dama maka koko, in za ta yi salla ta kwantar da kai a gefen tabarmarta. Yanzu ta koma Bauchi, ban ma san ko tana da rai ba.

Na sake karanta takardarka wurin da ka ce ba ka taɓa farin ciki irin wannan ba. Shekarunka sun kusa arba'in, duk yarinyar da na nuna maka a coci ka ce tukuna. A waya muryarka kamar ta wanda ya dawo daga jana'iza. To idan wannan baiwar Allah ce ta buɗe maka baki, ni ba zan tsaya a ƙofa ba. Abu ɗaya na roƙe ka, kada ka yi komai a ɓoye. Ka nemi iyayenta ta hanyar da ta dace, mu za mu je ko ina ne. Maganar addini ku zauna ku yi ta tun yanzu, da ido biyu.

Ɗan Rabaran zai koma makaranta wajenku bayan Kirsimeti. Na ba shi acca, ka dama mata kunu marar kauri, ya fi kifi sauƙi ga mai jinya. Ga zumar Pankshin ta gaske, ga atamfa turmi ɗaya, shuɗiya, ban san launin da take so ba.

Ka gaishe ta da jiki. Ka ce yayarta ce.

Chundung

Lanham
16 ga Janairu, 2006

Yaya Chundung,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kun yi Kirsimeti lafiya. Saƙo ya iso, acca da zuma da atamfa, na gode.

Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba. Rabi kunkuru ce. Kunkurun teku da muka tsinta a yashi rai a hannun Allah. Ga hoto na sa a ciki, ni ne mai rigar leda, ita ce a cikin kwatami. Iyayenta suna can ƙarƙashin ruwa, ban san ta inda za ku bi ku je gaisuwa ba. Likita Olive ma ta ce a shekarun Rabi ba a gane mace ce ko namiji da ido.

Na karanta wa Katung takardarki, ya yi dariya har ya zame daga kujera. Ni ma na yi. Amma da na shiga ɗaki na sake karantawa ni kaɗai, dariyar ta tsaya. Na san irin wuyar da kika sha kafin ki rubuta "ka ce yayarta ce." Ban tuna fuskar Inna Laraba ba, amma na tuna tabarmar.

Tun da kin ce kada in yi komai a ɓoye, ga abin da ban faɗa miki ba. Na bar ajin nas. Ban koma ba bayan hutu. Na je an duba takarduna, akwai hanyar da likitan dabbobi daga waje yake bi a ba shi izinin aiki a nan. Doguwa ce, jarrabawa bayan jarrabawa, wasu suna faɗuwa su sake. Likita Olive ta ba ni littattafanta. Aikin gidan tsofaffi ina nan a kai, ba zan bari ba. Na san kin gaya wa kowa cewa ƙanenki zai zama nas a Amurka. Na gwada, Yaya. Ina zaune a aji hankalina yana kan ko Rabi ta yi kashi, don in ta yi, alama ce cikinta ya fara aiki.

Jikin nata da sauƙi amma da saura. An ɗaure tsagar bayan da wasu ƙananan ƙarafa. Babbar matsalar ita ce ba ta iya nutsewa. Iska ta taru a cikinta, sai ta yi ta yawo a saman ruwa a karkace kamar ƙwaryar da aka jefa a rafi. Kunkurun da ba ya nutsewa ba zai ci abinci a teku ba, kuma ba za a sake shi ba.

Zumarki ba a yarda a sa mata ba, suna da tasu ta asibiti. Ni nake sha da shayi. Accar kuwa mun yi gwate, Katung ya ce a gode wa surukar Rabi.

Ina jiran amsarki.

Ƙanenki,
Dachung

Lanham
20 ga Maris, 2006

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mutum biyu sun dawo daga Jos, na je na tambaya, babu takarda. Na buga waya, Baba Jerome ya ce kin tafi zumuntar mata ta coci. Na sake bugawa wata rana, ya ce kin tafi zumunta. Ban san zumuntar Bukuru ta koma kullum ba.

Watan jiya mun sha wuya. Ciwon bayan ya yi ruwa, Rabi ta sake daina ci. Likita Olive ta kira mu ta ce in allurar nan ba ta yi aiki ba, za a yi tunanin hutar da ita. Ni na riƙe kanta ana yi mata allurar. Garin riƙon na yi sakaci ta kama mini yatsa, bakin nan kamar filaya, sai da aka yi mini ɗinki. Likita ta yi mini faɗa sosai, kuma da gaskiyarta. Amma ta ce wanda ke da ƙarfin cizo haka bai shirya mutuwa ba tukuna.

Asabar da ta wuce na shiga na leƙa kwatami ban ganta a sama ba. Gabana ya faɗi. Ashe tana can ƙasa, kwance shame-shame a gindin ruwa, tana barcinta. Ta nutse da kanta. Na tsaya ina kallo har ta taso ta shaƙi iska ta koma.

Na so in gaya wa wani da Hausa. In fushi kike yi, ki rubuto fushin, zan karanta.

Dachung

Bukuru
2 ga Mayu, 2006

Dachung,

Muna lafiya, ruwa ya sauka, an fara shuka. Yaya yatsan? Mutumin da ya yi shekaru yana kayar da bijimai, kunkuru ne zai cije shi.

E, fushi na yi. Na farko kunya ce. Na riga na gaya wa mata biyu a zumunta cewa su taya ni addu'a, ƙanena ya ga Musulma. Da hoton ya zo dole na koma na ce musu kunkuru ce. Har yau in na shiga coci Maman Becky sai ta ce, "Yaya amarya, ta fito daga ruwa?" Mama Constance kuma sai a Fabrairu ta kawo takardarka, duk ta yi man ja.

Na biyu ya fi zafi. Maganar aure na yi azumi na haɗiye, amma barin karatun nas ya tsaya mini a wuya. Na ce yaron nan ya ƙetare teku ya sami hanyar da kowa ke bi ya tsaya da ƙafafunsa, ya sake ta saboda dabbar da ko godiya ba za ta yi masa ba. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga, abin da ke fitowa ba na aikawa ba ne.

Makon jiya wani dattijon Bafulatani ya yi sallama a ƙofa, Ardo Buba daga rugar bayan Heipang. Ya zo kara, kasuwar shanu, ne ya yi ta tambaya har aka nuno masa gidanmu. Ya kawo man shanu a kwalba. Ya ce shekarar da ciwon huhu ya shiga garkensu kai ka yi ta zuwa a babur cikin ruwan sama.

Ya ce, "A can ma shanu Likita yake dubawa?"

Na ce, "Tsofaffi yake yi wa wanka."

Ya ce, "Aikin lada ne."

Ban san abin da ya sa na shiga na ɗauko hoton ba. Ya daɗe yana dubawa. Ban ga ya damu da kunkurun ba, fuskarka ya sa wa yatsa. Ya ce, "Haka yake dariya in saniya ta miƙe."

Bayan ya tafi na jera hotunan da ka aiko tun zuwanka, na gaban mota, na cikin ƙanƙara, na gaban coci. A cikinsu duka babu inda haƙoranka suka fito sai wannan mai rigar leda.

Ka yi karatunka. In ka faɗi ka sake. Atamfar ka ajiye, ban fid da rai ba. Ranar da za a sake ta ka rubuto mini komai, kada ka rage.

Yayarka,
Chundung

Lanham
26 ga Yuni, 2006

Yaya Chundung,

Gaisuwa da godiya. Takardarki ta iso, na karanta a tsaye a bakin ƙofa ko jaka ban ajiye ba. Yatsa ya warke. In kin ga Ardo ki ce ina gaishe shi da garke.

An saki Rabi ranar Asabar. Kin ce kada in rage, to ga shi.

Kafin ranar sai da aka gwada ta. Aka daina ba ta yankakken kifi, aka riƙa jefa mata ƙaguwa masu rai. Da rabin hannun nan take bin su lungu-lungu, kana jin ƙarar fasa su daga bakin ƙofa. Aka cire ƙarafan baya, tabon ya rufe. Aka maƙala mata ɗan ƙarfe mai lamba, ko wani zai gamu da ita wata rana. Daga nan sai jiran ruwan teku ya yi ɗumi.

Na sanar a coci don a yi addu'a kawai, sai fasto ya ce ai tare aka tsince ta, tare za a raka ta. Mota ta cika. Mata sun sha anko kamar masu zuwa biki, ni ma na sa kayan coci. A bakin ruwa an ja igiya, jama'a sun tsaya a bayanta, Turawa da yaransu da namu. Likita Olive ta ce in kama gefe ɗaya na akwatin da aka sa Rabi a ciki, Katung ya roƙa aka ba shi ɗaya. Rabi ta yi nauyi ƙwarai, ba kamar ranar da muka ɗauke ta ba.

Tun muna tafe ta ji ƙanshin ruwan, ta fara dukan akwati da hannuwa. Muka sauke ta a yashi. Ta tsaya cik, kai a sama, har na fara tsoron ko ta manta. Matar fasto ta ɗauko waƙar godiya da Hausa, a hankali, saura suka amsa. Turawa suna tafi ba a kan kiɗa ba. Sai Rabi ta ja jiki. Tafiyar a karkace take saboda hannun, tana barin sawu kamar na tayar tarakta. Igiyar ruwa ta farko ta mayar da ita baya. Ta biyu ta ɗaga ta, daga nan nauyin nan duka ya ɓace, ta wuce kamar tsuntsu. Can nesa kanta ya ɓullo sau ɗaya, shi ke nan.

Likita Olive ta taɓa kafaɗata ta ce, "Likita, ka san inda kake tsaye kuwa?"

Na duba, ashe na bi ta har ruwa ya kai mini gwiwa, da wando da takalmi da komai. Mutanen coci suna ta dariya a bayan igiya. A hanyar dawowa ni na fi kowa cin shinkafa.

Jarrabawar farko tana cikin kaka, ki sa ni a addu'a. Ki gaishe da Baba Jerome da yara, da Maman Becky, ki ce mata amarya ta tare. Takalmina na coci yana nan a taga yana bushewa, gishiri ya yi masa fari fat. Katung ya ce ba zai ƙara moruwa ba. Jiya da shi na je sujada.

Ƙanenki,
Dachung